Gidan hayana yana Luton, ni ina Kaduna: in biya inshorar gyaran boila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi aikin jinya shekaru da dama a Ingila, bara na dawo Kaduna da zama. Gidana na Luton na ba wasu mata da miji haya, suna da yara biyu ƙanana, wani ejan ne kuma, wato dillalin gidaje, yake karɓar mini kuɗin. Boilar gidan, wato na'urar gas da ke dumama ɗakuna da ruwa, ta shekara 9, garantinta ya ƙare. Wani kamfani ya ce in riƙa biyan fam 28 a wata, su ɗauki nauyin gyara idan ta lalace, har da sabis da takardar shaidar duba lafiyar kayan gas ta shekara, amma duk ranar da aka kira su gyara zan ba da fam 60 daga aljihuna. A yanzu fam 120 nake biyan mai gyaran da ejan ke kawowa duk shekara don sabis da takardar. Ƙanena ya ce asarar kuɗi ce kawai. Malam, yaya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Barka da dawowa gida.

Ƙanenki yana da gaskiya a wajen lissafi, amma ba da lissafi kaɗai ake yanke wannan magana ba. Bari mu fara da lissafin tunda shi ya fi sauƙi. Fam 28 sau 12 ya kama fam 336 a shekara. Ki cire fam 120 na sabis da takarda, tunda wannan ko da inshora ko babu sai kin biya shi, saura fam 216. Wannan shi ne ainihin kuɗin inshorar. Gyaran da boila ta saba buƙata, kamar canza famfon da ke zagaya da ruwa, ko fankar da ke fitar da hayaƙi, ko allon lantarkin da ke sarrafa ta, yawanci 'yan ɗaruruwan fam ne. Mu ƙaddara gyaran fam 300 ne. Kin riga kin ba da 60 na kira, abin da kamfanin ya sauke miki ke nan fam 240. Wato sai boilarki ta riƙa yin lalacewa ta gaske sau ɗaya kowace shekara kafin ki ce kin fita kunya. Boilar da ke yin haka kuwa ta gama aiki, canji take nema. A shekara 5 za ki zuba fam 1,680, kuɗin da ya kusa kai ki ga sabuwa, don sabuwar boila irin ta gida mai ɗaki biyu ko uku, da kuɗin sawa, takan kama tsakanin fam 2,000 da 3,000, wani lokaci ta ɗan haura.

Da a ce kina zaune a Luton ko maƙwabciyarta Dunstable, kina da lambar wani mai gyara da kika sani shekara da shekaru, da a nan zan tsaya in ce ki bi maganar ƙanenki, ki buɗe asusu daban ki riƙa jefa fam 28 ɗin a ciki. Abin da ya canza zancen shi ne kina Kaduna.

Doka ba ta san kin koma gida ba. Sashe na 11 na dokar masu gidaje da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida alhakin tabbatar da cewa abin dumama gida da na dafa ruwa suna aiki, kuma ba a iya rubuta yarjejeniyar haya da za ta juye wannan nauyi a kan ɗan haya. Dokar ba ta ƙayyade awoyi ba, cewa ta yi a gyara cikin lokacin da hankali zai ɗauka. To amma kin zauna a can, kin san watan Janairu. Gida mai yara biyu, babu ɗumi, babu ruwan zafi, kwana uku ma ya yi yawa. Ɗan haya na iya kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na kansil, wato ƙaramar hukuma, domin tsananin sanyi a cikin gida yana cikin haɗurran da dokar gidaje ta 2004 ta ba su ikon tilasta wa mai gida ya kawar. Tun daga 2019 kuma akwai dokar da ta ba ɗan haya damar zuwa kotu da kansa idan gidan bai cancanci zaman mutum ba. Duk wannan a kanki yake, ko da inshora a hannunki. Idan kamfanin ya yi jinkirin kwana biyar, sunanki ne a takardar kansil.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: ranar Asabar da dare, a tsakiyar hunturu, idan matar gidan ta buɗe famfo ta ji ruwa kamar ƙanƙara, wa za ta kira, wa kuma zai zo? Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da inshorar nan ke sayar miki a gaskiya shi ne lambar waya da ɗan hayanki zai buga da kansa, ba sai ya neme ki a WhatsApp kina wajen biki a Zariya ba. Ga wanda ke nesa wannan abu ne mai daraja, sai dai ki fara bincika ko kin riga kin mallake shi ba ki sani ba.

Na farko, ejan ɗinki. Kin ce karɓar kuɗi yake yi. Ejan iri biyu ne: mai karɓar haya kawai, da mai kula da gidan baki ɗaya. Idan na biyun ne, ki duba yarjejeniyarku, galibi akwai adadin kuɗin da kika ba shi izinin kashewa a gyara ba tare da ya tambaye ki ba, kuma yana da layin gaggawa na dare da masu gyaransa. Idan haka ne, inshorar ta zama biyan abu ɗaya sau biyu. Na biyu, inshorar ginin gidan. Ita kanta ba ta biyan boilar da ta mutu don tsufa, amma da yawa ana maƙala musu wani ƙari na gaggawar gida, wanda ke turo mai gyara idan ɗumi ya ɗauke. Na sha ganin masu gida suna biyan wannan shekara da shekaru ba su taɓa sanin suna da shi ba.

Yanzu ga inda nake so ki zauna da takardar kamfanin ki karanta ta da tabarau, domin a ƙananan rubutun ne rigima take. Luton tana kan ƙasa mai alli, ruwanta mai nauyi ne. Kin tuna farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar lantarki? Irinsa yake taruwa a cikin boila. Wanda ke Manchester ko Birmingham bai cika wannan damuwa ba, don ruwansu daga tsaunuka yake zuwa, na Manchester daga yankin tafkuna na arewa, na Birmingham daga kwarin Elan a Wales. Ke kuwa dole ki damu, saboda yawancin waɗannan tsare-tsare ba sa biyan ɓarnar da wannan ɓawo ko baƙar laka ta tsatsa ta jawo, kuma ba sa biyan kuɗin wanke bututu da inji.

Na taɓa tsayawa a wani gida da nake kula da shi, injiniyan wani kamfani, da ba zan kama suna ba, ya zo kiran gyara. Kafin ya taɓa boilar sai ya durƙusa gaban ƙarfen dumama ɗaki na falo, ya ɗan kwance bakinsa, ya tara farin kofi. Ruwan da ya fito baƙi wuluk, kamar tawadar allo. Ya ɗauki hotonsa, ya rubuta a na'urarsa, ya ce sai an wanke tsarin gaba ɗaya kafin su ci gaba da ɗaukar nauyi. Wankin ya ci ɗaruruwan fam daga aljihun mai gida, ga kuɗin kira ya riga ya tafi, ɗan haya kuma ya ƙara kwana biyu da hitar lantarki da na aro masa. Ba zamba aka yi ba, yana nan a rubuce. Mai gidan ne bai karanta ba.

Sai batun shekaru. Boila takan yi shekara 10 zuwa 15 idan ana kula da ita. Taki tana 9, tana bakin ƙofar da kamfanoni ke fara ja da baya. Ki nemi amsar abu uku a rubuce. Idan suka ce gyaran ya fi ƙarfin darajar boilar, ko kayan gyaranta sun daina samuwa, me za su yi: sabuwa za su sa, wani kaso za su bayar, ko sallama ce kawai? A tsare-tsare da yawa alkawarin sabuwa yana faɗuwa da zarar boila ta kai shekara 7 ko 10. Akwai iyakar kuɗin da suke biya a kowane gyara ko a shekara? Sannan fam 28 ɗin nan farashin shekarar farko ne ko na dindindin? Sau da yawa na maraba ne, shekara ta biyu sai ya tashi, kuma sabuntawa da kanta take yi daga asusunki. Ki sani kuma ba sa biyan lalacewar da ta riga rajista, akwai ma kwanakin farko, mako biyu zuwa wata ɗaya, da ba a karɓar kira. Wanda ya jira sai boila ta fara kuka sannan ya yi rajista ya makara.

Ki tabbatar tsarin na masu ba da haya ne. Manyan kamfanoni irin su British Gas da HomeServe suna da tsari daban na mai zama a gidansa da na mai gidan haya, idan kika ɗauki na farkon don ya fi araha za a iya ƙin biyanki ranar buƙata. Wani bambancin kuma: wasu inshora ce ta gaske da hukumar kula da harkokin kuɗi ke sa wa ido, idan an saɓa kina iya kai kuka ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi kyauta, wasu kuwa kwangilar sabis ce kawai, ba ki da wannan ƙofa. Na san wasu 'yan'uwa suna fifita ta biyun saboda shakkar da suke da ita game da inshora ta fuskar addini. Wannan hurumin malamai ne, ni dai na nuna miki abin da kowanne ke ba ki da abin da yake hana ki.

Takardar gas ba wasa ba ce. Dokar 1998 ta wajabta duba kayan gas na gidan haya duk wata 12, a hannun injiniya mai rajista da Gas Safe, wato rajistar masu aikin gas ta hukuma, a ba ɗan haya kwafi cikin kwana 28, ke kuma ki adana naki shekara 2. Ita ce wadda aka fi sani da CP12. Duba lafiya daban, sabis daban, ki tabbatar dukansu biyun suna cikin tsarin. Tun 1 ga Oktoba 2022 kuma dole ne a sa ƙararrawar gano iskar nan mai guba marar wari (carbon monoxide) a ɗakin da boila take. Idan kamfani ya manta bai zo ba, laifin naki ne, don haka ki sa ranar a wayarki.

Abin mamaki, kira da yawa na hunturu ba lalacewa ba ce. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da sanyin nan ya taso daga gabas, wayata ba ta huta ba, kuma yawancin gidajen ciwonsu ɗaya: siririn farin bututun roba da ke fitar da ruwan boila ta bayan gida ya daskare, sai boilar ta kashe kanta. Maganinsa ruwan ɗumi a buta, ba tafasasshe ba, a zuba a kan bututun, a danna maɓallin sake tashi. Ɗayan kuma faɗuwar ƙarfin ruwa: allurar agogon gaban boila ta sauka ƙasa da 1, alhali wurinta tsakanin 1 da 1.5, a buɗe ɗan famfon cikawa na 'yan daƙiƙu shi ke nan. A tsarin da aka ba ki, kowanne daga cikin waɗannan fam 60 ne. Ki sa mai gyara ya nuna wa 'yan hayanki waɗannan dabaru biyu ranar sabis, ya kuma naɗe bututun wajen da soso. Murfin boila kuwa kada kowa ya buɗe sai mai rajista, idan aka ji warin gas a buɗe tagogi a fita a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Ga shawarata a kan halin da kike ciki. Idan ejan ɗinki mai cikakken kula ne kuma ya ba ki a rubuce cewa yana da mai zuwa cikin awa 24 har ƙarshen mako, ki bar inshorar, ki ajiye masa izinin kashe fam 300 ba sai ya tambaye ki ba. Idan mai karɓar haya ne kawai, ki ɗauki tsarin na shekara ɗaya, ko biyu idan ya kama, ki kashe sabuntawa ta kai tsaye, ki ɗauke shi a matsayin gada zuwa sabuwar boila. Kuɗin tsarin da na gyara duka ana cire su daga kuɗin haya kafin a lissafa haraji, wannan ya ɗan rage zafin. A ko wane hali, ki fara tara kuɗin sabuwa daga wannan watan. Kamfanonin ƙera boila irin su Worcester Bosch, Vaillant, Ideal da Baxi duk suna da nau'o'in da garantinsu ke kai shekara 10, da sharaɗin a yi rajistar boilar da wuri bayan sawa kuma a yi sabis kowace shekara ba tsallake. Ranar da kika sa irin wannan, maganar inshora ta mutu na tsawon garantin, fam 120 ɗinki na shekara ya isa.

Ki sa a yi canjin a watan Yuli ko Agusta, lokacin da masu gyara ke neman aiki kuma 'yan hayanki za su iya yini ɗaya ba ɗumi. Ki roƙi mai sawa ya wanke bututun gidan, ya sa abin tacewa mai maganaɗisu don kama tsatsa, da abin rage ɓawon ruwa, tunda Luton ce.