Amsa ga 'yata ta Kano: takabar da na yi a Kumasi

'Yata, saƙonki ya kusa shekara a wayata ban amsa ba. Kin yi mini gaisuwar rashin Alhaji yadda ya kamata, Allah ya ba da lada, sai kuma kika ɗora da tambayoyi uku kamar ma'aikaciyar ƙidaya: wai mu ma muna yin takaba a Gana? Wai da gaske muna ajiye gawa a firiji kamar Tonawa, wato mutanen Ashanti? Wai kuma da yardata ɗana, yayanki, ya auro 'yar Ashanti? A lokacin na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Yanzu zuciya ta kwanta, kuma na ga gara in amsa a fili, don ba ke kaɗai ke da irin tambayar nan ba.

Takaba dai muna yi, wata huɗu da kwana goma. Alƙur'anin da ke Kurmi shi ne a Kumasi, ayar tana nan cikin Baƙara. Wannan ba ta buƙatar dogon bayani.

Maganar firiji ce ta soke ni, saboda kin taɓa wurin da ke ciwo ba ki sani ba. Mu ba ma ajiye gawa. Mutum ya rasu da asuba, kafin la'asar an kai shi makwanci a Tafo. Tonawa ne ke ajiye nasu makonni, wani lokaci watanni, sai dangi sun taru an ɗinka baƙi da ja. Amma Alhaji ya kwana biyu a firiji. Direban babbar mota ne, shekara talatin yana ɗauko albasa daga Galmi ta Nijar zuwa nan, kuma hatsari ne ya ɗauke shi a hanyar dawowa. Mutuwar hanya tana hannun 'yan sanda, sai likita ya duba, sai an sa hannu a takarda. Manyan unguwa sun yi ta zirga-zirga kafin a ba mu shi. Daren nan biyu ban runtsa ba. Abin da ke cina shi ne Alhaji mutum ne mai jin sanyi, ko iskar hunturun nan tamu da ba ta kai rabin taku ba sai ya sa safa. Na san gawa ba ta jin sanyi, na sani sarai, amma zuciya ba ta karɓi wannan karatu ba.

Bari in ɗan koma baya, don na lura babanki bai ba ki labarin gida ba. Kakana, wato kakan babanki, bafatake ne, da ayarin goro ya zo Gwanja. Da yaƙin 1892 ya watsa kasuwar Salaga sai fatake suka bazu, shi ya gangaro kudu har ya tsaya a Kumasi. Ba shi kaɗai ya bi hanyar nan ba. Ki tambayi manya a Kano, mahaifiyar Alhassan Ɗantata a Akra ta zauna tana kasuwanci, garin da mu ke kira Ankara, shi ma ya yi fataucin goro a ƙasar nan kafin ya koma. A gidan da kakana ya gina aka haifi babana da Baffa, kakanki. Sai ga dokar Busia, firayim ministan Gana na lokacin, a watan Nuwamba na 1969: duk baƙon da ba shi da takardar zama, mako biyu ya tattara. Ina shekara biyar. Abin da na riƙe shi ne tukwane da gadajen ƙarfe jere a bakin titi ana sayarwa a wulaƙance, da babanki, ɗan shekara uku, yana kuka a saman kaya cikin mota don an hana shi tafiya da akuyarsa. Babana ya lafe wurin dangin uwarsa Dagomba har ƙura ta kwanta. Baffa kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya ce ƙasar da aka binne cibiyarsa ba za ta tambaye shi takarda ba. Ya kulle ɗakinsa, ya ba babana makulli, ya ce in abu ya lafa zai dawo. Har yau sunan ɗakin “ɗakin Baffa”.

To kin ga da ke da ni mota ɗaya ce ta raba mu. Shi ya sa in ɗan Kano ya ji Hausarmu ya kama dariya nake jin haushi. E, muna cewa “Amina ya zo”. Muna cewa “da cau”. Wannan rubutun ma sai da na bi shi ina ajiye ta da ya a wurarensu, albarkacin rediyo da finafinanku, don kada ki ba ƙawayenki su yi nishaɗi. Amma ki zo Aboabo ko Asawase ki saurara: Bamoshe da Bazabarme da Kotokoli da Bagurunshe, in za su yi ciniki ko faɗa, da Hausa suke yi. Kokon da duk Gana ke karyawa da shi, “Hausa koko” suke ce masa, ga ƙosai, ga wake da shinkafa da suka mayar waakye. A ofis in an ga sunanka a ce daga ina kakanka ya zo, in ka je Najeriya a ce ɗan Gana. Mun saba.

Ranar addu'ar uku da ta bakwai, zango ya yi abin da ya iya. An kafa rumfuna, an tare titi, matan adashenmu suka haɗa kuɗi suka ɗora tukwane, malamai suka sauke Alƙur'ani. Ban sayi ko gishiri ba. A nan ba wanda ya isa ya ce ba mu da zumunci. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ta arba'in ta koma kamar biki, da ɗinkin kaya iri ɗaya da masu ɗaukar hoto. Yaran Ahlussunna suna cewa bidi'a ce, malamanmu na Tijjaniyya suna cewa sadaka ce, ni kuwa da ke zaune a tsakiya da mayafi ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci.

Bayan arba'in kowa ya koma harkarsa, a nan ne abin ya fara. Kalmar da na tsana a watannin nan ita ce haƙuri. “Hajiya, sai haƙuri.” Na ji ta har ta daina shiga kunnena. Ina salla, amma kamar mai biyan haraji. In na ɗaga hannu ba abin da ke fitowa. Akwai daren da na ce a raina, shekara talatin yana bin hanyar nan, sai da ya ce wannan zuwan ne na ƙarshe zai ajiye tuƙi? Na tsorata da kaina, ban gaya wa kowa ba, don a zango in ka faɗi irin wannan sai a ce imaninka ya yi rauni, a kawo maka rubutu ka sha.

Ga amsar tambayarki ta uku. A'a, ba da yardata yayanki ya auro ta ba. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi, za su kwashe mini jikoki. Alhaji ne ya ce, “Uwar babanki Badagomba ce, wa ya kwashe ki?” Yarinyar ta musulunta kafin ɗaurin aure, ni kuwa na ce musuluncin soyayya ne, ba zai kai damina biyu ba. Shekara shida ina amsa gaisuwarta da hanci.

Ita ce ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakina. Ba ta ce mini haƙuri ba ko sau ɗaya, wataƙila don Hausarta ba ta kai can ba. Takan ce “Mma, due”, gaisuwar mutuwarsu ke nan, sai ta zauna ta yi shiru. Da ta ga tuwo ba ya wuce mini, ta koma yi mini romo mai yaji da ɗan fufu, tana tsaye sai na haɗiye. Da asuba kuma sai ta jawo Juz'u Amma ta ce in biya mata, wai malamar Islamiyyarsu tana sauri. Tana karanta Alam nashraha tana karya harufa, ni kuma ba na iya jin an karya harafi in yi shiru. Ina gyara mata “fa inna ma'al usri yusra”, ta sake, in sake, har sau goma. Wata safiya a tsakiyar gyaran sai murya ta ƙi fita, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga baya yayanki ya gaya mini ta haddace surar tun shekara biyu da suka wuce.

Uwarta ma ta riƙa zuwa duk Alhamis daga ƙauyensu. 'Yar coci ce, da ɗan littafin waƙoƙinta a jaka, kuma ba ta taɓa shigo mini da nama ba sai ta saya wurin mahautanmu. Ita ta ba ni labarin nata zaman makokin. Mijinta ya mutu kafin dokar gado ta 1985, lokacin mulkin Rawlings, wadda ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kaso. 'Ya'yan 'yar'uwar mijin suka karɓe gonar koko da ta yi shekaru tana nomawa, ta fita da 'ya'ya huɗu da tukunya. Da na ce mata mu tumunin takaba Allah ne da kansa ya yanka mana, ta riƙe baki. Ni kuma na ji kunya, don ina da gado, ina da ɗaki, ina da 'ya'ya, ina kwance ina jayayya da Ubangiji. Ba wa'azi ta yi mini ba, hira ce ta zawarawa biyu, rabi Tonanci rabi Hausa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na san a wajenku wani zai ce me ya kai Kirista ɗakin mai takaba. Mu nan gida ɗaya muke haya da su, famfo ɗaya muke layi. Babban limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Akra ya gaishe su. An yi surutu, ya wuce. Ba na ce kullum lafiya ake ba, a 2016 an yi rikici a Tafo kan filin maƙabartar da Alhaji ke kwance yanzu, har aka sa dokar hana fita. Amma washegari dole ka sayi kifi wurin wadda ka harara jiya.

Da na fita takaba na bar gidan hayar, na dawo gidanmu. Ɗakin da ba kowa a ciki shi ne na Baffa, nan na shiga. Na koma dama kokona da safe a bakin titi, surukata na suyar ƙosai a gefena, mutane na cewa uwa da 'ya. Sallata ta dawo, ko da yake ba irin ta da ba ce: yanzu ina daɗewa a sujada, kuma abin da na ji a raina ina faɗa wa Allah kai tsaye, da Hausar zango, ba na tsayawa gyaran ya da ta. Wasu ranakun har yanzu in na ji ƙarar birkin babbar mota sai ludayi ya tsaya a hannuna. Jikata ta fari, wadda na ce za a kwashe, ita ke kwana a bayana. Tana jin Tonanci, tana jin Turanci, kuma jiya ta ce mini, “Kaka, Mama ya ce ka zo ka ci abinci.”

Kin ce kina son zuwa. Ki zo. Ta Legas za ki bi, ki ratsa Kwatano da Lome, ki shigo ta Aflao, daga Akra mota ɗaya ce zuwa Kumasi. Ki taho mini da daddawar Kano da turaren wuta, na nan ba ya kama ɗaki. Ki gaya wa babanki makullin yana nan cikin gwangwanin da babana ya ajiye shi, ko da yake an canza ƙofar tun tuni. Akuyarsa kuwa mun yanka ta da layyar shekarar, ya yafe mana.