Amsa ga mai neman shat da safar da za su dace da kilt

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka zai yi aure a Edinbura, babban birnin Sikotland, ya sa ka cikin abokan ango, kuma duk za ku ɗaura kilt, wato ɗan zanen ulu mai naɗe-naɗe da mazan ƙasar ke ɗaurawa a matsayin kayan gargajiya. Tartan ɗin, wato zanen layuka masu gicciye da juna da ke jikin yadin, Black Watch ne, ɗaurin auren ƙarfe biyu na rana, shagon haya kuma ya miƙo maka farar safa da baƙar shat, kana tambaya ko ka karɓa. Na daɗe zaune a Glasgo, na sha sa kayan nan a bukukuwan maƙwabta da na abokan aiki, don haka ga abin da na gani.

Kafin komai ka tambayi ango ko ya yanke wa abokansa kaya iri ɗaya. In anko ne, magana ta ƙare, ka bi sahu ko da safar ba ta kwanta maka ba, don ranarsa ce. In kuwa ya bar wa kowa zaɓi, to ka mayar wa shagon farar safarsu da baƙar shat ɗinsu duka.

Farar safa ta yawaita ne saboda ta fi wa masu haya sauƙi, launi ɗaya suke tarawa su ba kowa ko wane tartan ya ɗauka. Makaɗan algaitar Sikotland ma da yawa sun yi amfani da ita, har baƙo ya ɗauka ita ce asali. Amma ka duba hotunan Sarki Charles a taron wasannin Braemar da ake yi duk Satumba, za ka ga safarsa mai launi ce, da kwat ɗin ulu. Black Watch kuwa yadi ne mai duhu, shuɗi da kore da baƙi, na rundunar sojan da ta samo asali tun 1725. Ka ɗora farar safa a ƙarƙashinsa, ido ba zai tsaya a kan kilt ɗin ba, ƙafarka kawai zai riƙa gani. A hoto abin ya fi muni.

Yadda nake zaɓa shi ne yadda muke zaɓar hula a gida. Ba ka neman wadda ta yi launi ɗaya sak da shaddar, zaren aikin wuyan kake dubawa ka ɗauko launi daga ciki. Haka nan ka shimfiɗa kilt ɗin, ka nemi launin da ke cikinsa amma bai mamaye shi ba. Ga Black Watch, kore mai duhu yana kyau, ruwan toka mai duhu ma haka. Ni dai na fi son wanda suke kira Lovat, kore ne mai sirkin shuɗi da toka, yana ɗan haska ƙafa ba tare da ya yi ihu ba. Baƙar safa tana shiga, sai dai daga ƙugu zuwa takalmi ka zama duhu ɗaya.

Kuma ka tambaye su wane rini ne, don tartan ɗaya ana saƙa shi da rini daban-daban. Akwai Modern mai duhu sosai, akwai Ancient wanda korensa da shuɗinsa suka yi haske, akwai Weathered da ya karkata zuwa ruwan ƙasa da toka. Safar da ta dace da ɗaya tana iya ƙin ɗayan. Ka fito da su bakin ƙofar shagon ka haɗa su a hasken rana, fitilar ciki tana yaudara.

Safar in da hali ka sayi taka ta ulu. Ta haya galibi siririya ce, ana fara rawa sai ta zame ta taru a idon sawu. Garin Hawick da ke kudancin ƙasar ya yi suna wajen saƙa, kuma irin tasu tana da kauri, tana riƙe ƙafa. In sha-raɓarka babba ce ka faɗa musu, akwai mai faɗi. Wajen sawa, ka ja ta har ta wuce gwiwa, ka ɗaura robar nan mai 'yan ƙyallaye biyu, sannan ka naɗo bakin safar ya rufe robar. Bakin naɗin ya tsaya kamar yatsa uku ƙasa da gwiwa, ƙyallayen su leƙo kaɗan ta gefen waje, layukan saƙar su miƙe kada su murɗe. Jajayen ƙyallaye a kan koriyar safa suna raya Black Watch ƙwarai. Safa mai zanen dara ko mai zanen tartan kuwa ta dare ce, ga tsada, ka bar ta.

Ita shat kwat ce ke yanke mata hukunci, kwat kuma lokaci ne ke yanke mata. Tunda naku na rana ne, abin da ya fi dacewa shi ne kwat ɗin Argyll ko ta ulun tweed, da falmaran mai maɓalli biyar, da shat fara ko shuɗiya mai haske marar zane, mai kwala irin ta ofis, sai dogon laktaye mai launi ɗaya. Prince Charlie, gajeriyar kwat mai maɓallan azurfa, asalinta ta dare ce, tana tafiya da farar shat da baƙin laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi da falmaran mai maɓalli uku. Yanzu 'yan ƙasar da yawa suna sa ta da rana a biki, ba wanda zai tare ka, amma in ita aka ba ka to farar shat ce kawai. Baƙar shat a kan Black Watch tana haɗiye komai, fuskarka ma ba za ta fito a hoto ba. Laktaye mai tartan iri ɗaya da kilt ɗin shi ma ban ba ka shawara ba, zanen ya yi yawa. Akwai shat mai farin fage da siraran layuka a gicciye da suke kira Tattersall, da tweed tana yin kyau saboda zanenta ƙanana ne ba ya gasa da na tartan, amma ta fi dacewa da wasannin fili. Ita kuma mai igiya a wuya da ake ce wa Jacobite, ba a sa mata kwat, ka ajiye ta sai wajen rawar dare in kana so.

Ka nemi shat mai doguwar jela, don kilt a saman cibiya yake zama, kuma in aka fara rawar ceilidh, wato rawarsu ta gargajiya da ake yi a taro, kowa cire kwat yake yi, shat ɗin ce za ta rage a fili. In ka sa falmaran kada ka ƙara bel.

Sai maganar salla, wadda shagon ba zai tuna maka ba. Kilt a tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa, in ka yi ruku'u ko sujada yana ɗagewa. Ka sa gajeren wando mai duhu a ciki, ka kuma ajiye jallabiya marar nauyi a jaka ka zura a kai. Ka yi alwala kafin ka shirya, don igiyar takalminsu doguwa ce, ana naɗa ta har saman idon sawu, kwancewa da ɗaurawa aiki ne. In bikin a Disamba ne, rana tana faɗuwa a Edinbura kafin ƙarfe huɗu, wato La'asar da Magariba duk a tsakiyar hidima za su same ka. 'Yar wuƙar da ake sokawa a safar dama doka ta yarda da ita a matsayin kayan gargajiya, amma kada ta shiga jakar hannu in jirgi za ka hau.

In kayan sun shiga ranka har ka so ɗinka naka wata rana, akwai tartan na Musulmin Sikotland da aka fitar a 2012, shuɗi da kore da baƙi, da fararen layuka biyar da na ruwan zinare shida. Shi ma koriyar safa ko shuɗiya mai duhu ce ke ɗaukarsa. Allah ya sanya alheri a auren.