Kukar garinmu mai kogo, da gaske ta kai shekara dubu?

Tambaya daga wani mai karatu a yankin Tibiri: "Malam, a bakin garinmu akwai wata ƙatuwar kuka mai kogo, har mutum huɗu na iya zama ciki. Tsofaffi na cewa ta haura shekara dubu. Gaskiya ne? Kuma wannan kogon ba alamar mutuwa za ta yi ba?"

To ɗan'uwa, kauri kawai ba ya nuna shekarun kuka. Itacen kuka ba irin na gawo ko maɗaci ba ne, soso ne mai shan ruwa, in ka sa gatari za ka ga zare zare ne jiƙe sharkaf, shi ya sa ba mai yin turmi ko gawayi da shi. Da damina gindin ya kumbura, da rani ya ɗan motse, sannan kukar da ta samu ƙasa mai laima kamar bakin gulbi tana iya fin wadda ke kan tudu kauri ko da ta tudun ta girme ta nesa ba kusa ba. Layukan da ake ƙirgawa don sanin shekaru a jikin wasu itatuwa in an yanke su ma, a kuka ba abin dogaro ba ne.

Abin da masana ke yi shi ne su zaro ɗan siririn itace daga ciki su kai ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon da ke nuna shekarun itacen. Wani masani ɗan Romaniya, Adrian Patrut, shi ya fi shahara da wannan aikin. Wadda ta fi tsufa cikin waɗanda suka auna ita ce kukar Panke a Zimbabwe, wajen shekara 2,450, ta faɗi tsakanin 2010 da 2011, kuma abin mamaki ba ita ce ta fi kauri ba. Ta Sunland a Afirka ta Kudu kewayenta ya haura mita 30, har mashaya aka buɗe cikin kogonta, ita ma ta dare a 2017. Ta Chapman a Botswana ta kife a Janairun 2016. Binciken da suka fitar a 2018 ya nuna 9 cikin 13 mafi tsufa sun mutu ko tsofaffin sassansu sun zube cikin shekara 12 kacal, ana zargin zafi da fari. Kenan shekara dubu ba tatsuniya ba ce ga kuka, amma taku sai an auna, ni dai ba zan rantse ba.

Batun kogo kuwa kwantar da hankalinka. A manyan kukoki sau da yawa ba ruɓewa ba ce, gindi uku ko biyar ne suka fito kusa da juna suka girma suka manne suka bar fili a tsakiya. Shiga da tocila ka duba bangon, in ka ga ɓawo mai santsi irin na waje to dama can haka ta tashi. In kuwa itacen ya yi laushi yana wari yana marmashewa a hannu, wannan ruɓa ce, a hana yara wasa ƙarƙashin manyan rassan, kuma don Allah a daina hura wuta ciki don korar zuma.

Ni abin da ya fi damuna ba tsohuwar ba ce. Zagaya gonakinku ka ƙirga ƙananan kukoki nawa za ka gani. Ana aske ganye kakaf don miya, furen nan fari da ke buɗewa da magariba jemagu su zo su sha ba ya samun fitowa, ba fure ba 'ya'ya, ɗan tsiron da ya fito kuma akuya ta cinye. Mutanen Mirriya ta Damagaram sun bar nasu sun girma cikin gonaki, yanzu ganyen kuka sana'a ce gare su. In za ka shuka, jiƙa ƙwayar cikin ruwan zafi ta kwana don ɓawonta tauri gare shi, ka dasa farkon damina, ka kewaye da ƙaya har ta fi ƙarfin bakin akuya.