Ɗana Ya Sauya Hali Tun da Atishawa Ta Kama Shi

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 6. Da zarar itatuwa sun fara fure sai ya kama atishawa, hanci na zuba, ido ya yi ja. Yaro ne mai sanyin hali, amma yanzu abu kaɗan sai kuka da rigima. Na ba shi Piriton da daddare, sai ya yi ta tsalle-tsalle har ƙarfe 11. Maganin ne ko lalacewa ya fara? — Wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ɗanki bai lalace ba. Alaji ne, wato jikinsa ba ya jituwa da wasu abubuwan da yake shaƙa. Idan ya shaƙi garin fure ko ƙura, jikinsa na sakin wani sinadari, histamin, wanda ke kumbura cikin hanci. Ki leƙa shi yana barci: za ki tarar baki a buɗe, yana minshari, yana ta juyi. Da safe ƙasan ido ya yi duhu, yana murza hanci sama da tafin hannu. Babba idan bai samu barci ba hamma yake yi. Yaro kuwa ƙiriniya da fushi ne ke tashi.

Shi ma maganin yana da nasa laifin. Piriton da Benadryl tsofaffin magunguna ne da ke ratsawa har ƙwaƙwalwa. Yawancin yara gyangyaɗi suke sa su, har washegari a aji, amma wasu sai su birkice kamar yadda naki ya yi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗura wa yara su don kawai su yi barci. Promethazine kuwa, wanda shi ma irinsu ne, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi.

Ki tambayi likitansa game da loratadine ko cetirizine, magungunan alaji waɗanda ba su cika shiga ƙwaƙwalwa ba. Ki riƙa wanke masa hanci da ruwan gishiri na asibiti kafin ya kwanta.

Idan kuma yana shan montelukast, maganin asma da alaji, ki sa ido sosai. A 2020 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta sa wa maganin gargaɗi mafi tsanani saboda mugun mafarki, faɗa da sauyin hali. Da kin ga haka, ki kira likita a ranar.

Ki riƙa rubuta lokacin da ya sha magani da yadda ya kwana na mako ɗaya, ki tafi da takardar asibiti.