Kawo Baba Delhi aikin zuciya a watan Nuwamba

Tambaya: "Ina karatu a Delhi. Likita a gida ya ce jijiyoyin zuciyar mahaifinmu sun ƙuntata, wani asibiti a nan kuma ya ba mu rana a tsakiyar Nuwamba. In fara nema masa biza?"

Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, kafin maganar biza, tambayi likitansa ko aikin na gaggawa ne. In na gaggawa ne, kada a jinkirta saboda gurɓatar iskar Delhi. In akwai sarari, a ɗaga zuwa Maris, ko a nemi asibiti a Chennai ko Bengaluru, inda iska ta fi dama a wannan lokaci.

Kai ma ka gani da idonka. Daga ƙarshen Oktoba manoman Punjab da Haryana ke cinna wa karan shinkafa wuta, ga hayaƙin motoci, sanyi kuma ya danne shi duka a kan gari, har ma'aunin gurɓatar iska ya haura 400, wato mataki mai tsanani. Mutanenmu kan ce ai mun saba da hazon hunturu, tari ne kawai. Abin ya wuce tari. Ƙurar da ake kira PM2.5 ta fi silin gashi sirantaka kusan sau 30. Tana shiga can ƙasan huhu, ta tayar da kumburi a jijiyoyi, ta ɗaga hawan jini, ta sa jini saurin daskarewa. Mai ƙuntatacciyar jijiya kwana kaɗan ya ishe shi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta kashe mutum miliyan 4.2 a 2019, akasarinsu ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Bizar jinya da wasiƙar asibiti ake nemanta, saboda haka a tsayar da gari tukuna, sannan a cike takarda. Mai rakiya ma da tasa bizar daban.

In dole sai Delhi, a sa masa takunkumin N95 tun daga filin jirgi, ya kama hanci sosai. Na yadi ba ya tare wannan ƙura. Ɗakin kwanansa a rufe tagogi, a kunna na'urar tace iska mai HEPA, wato matacin da ke kama ƙananan ƙura, dare da rana. Turaren wuta a ajiye shi, don hayaƙi ne shi ma. A duba manhajar SAMEER, mai nuna ma'aunin gurɓatar iska a waya, kowace safiya. Ranar da ma'auni ya hau, ya yi asuba a ɗaki, domin da sanyin safiya hayaƙin ya fi kauri. Ya taho da magungunansa da takardun gwajinsa a jakar hannu.

In ya ji nauyi a ƙirji, ko zufa ta karyo masa, ko numfashi ya yi sama-sama, kira lambar gaggawa 112 nan take, kada a jira gari ya waye.