Tambaya da Amsa: Ciyar da Mai Ciwon Daji da Batun Ƙwayoyin Bitamin

Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana karɓar kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) saboda sankarar hanji. Cikin wata uku ya sauko daga kilo 68 zuwa 61. In na kawo abinci, loma biyu zai yi ya ture kwanon, ya ce ƙamshin ma tayar masa da zuciya yake yi. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Wannan ramar ba abin sa ido ba ce. Duk mai ciwon daji da ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ya shiga layin da muke damuwa da shi, shi kuwa ya zubar da kashi 10 a rabin wannan lokaci. Ki faɗa wa likitansa a wannan makon, ki kuma roƙi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin. Abin da ke narkewa ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka, domin ciwon kan sa jiki ya riƙa cin namansa. Wanda tsokarsa ta zube shi kemo ya fi galabaitarwa, har ta kai a rage masa magani ko a ɗaga ranar karɓa.

Ƙungiyar masana ciyar da marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta ƙayyade kalori 25 zuwa 30 a kan kowane kilo a yini, da furotin sama da giram 1 har zuwa 1.5 a kan kowane kilo, in dai ƙoda lafiya lau take. Ga mai kilo 61, kalori 1,500 zuwa 1,800 ke nan, da furotin giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, kofin madara giram 8, kofin dafaffen wake giram 15, nama ko kifi mai faɗin tafin hannu giram 20 zuwa 25. Ƙwai biyu, madara kofi biyu, kifi yanka ɗaya da wake kofi ɗaya sun kai shi giram 60 da ɗoriya.

Kuskuren da masu jinya suka fi yi shi ne cika kwano. Ganin tulin abinci kaɗai kan kashe masa sha'awa. Ki koma ƙaramin faranti, sau shida ko bakwai, duk bayan awa biyu zuwa uku, da agogo za ki bi, kada ki jira ya ce yana jin yunwa. Tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa, kowace loma ta zama mai nauyi: cokalin miya ɗaya na mai kalori 120 ne, a kwarara a kan abincin bayan an sauke. A dama garin madara cokali huɗu cikin rabin litar madara, ya riƙa kurɓa. Ruwa ya sha tsakanin abinci, kada ya cika ciki da shi ana tsaka da ci.

Ƙamshi tururi ke ɗauko shi, don haka a bar abincin ya huce kafin a shigo da shi ɗaki. Amma in cikin magungunansa akwai oksalifilatin, wanda ake yawan bayarwa a sankarar hanji, kada ya sha abu mai sanyin firiji na 'yan kwanaki bayan an yi masa ƙarin maganin ta jijiya, domin sanyi kan sa maƙogwaro ya ji kamar an shaƙe shi. In nama ya koma masa ɗanɗanon ƙarfe, a gwada cokalin roba ko na katako. In baki ya yi gyambo, ya riƙa kuskurewa da kofin ruwan ɗumi da aka sa wa rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda (farar hodar da ake sa wa fulawa ta tashi) da ɗan gishiri rabin wannan. Maganin hana amai kuma a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, tun zuciya ba ta tashi ba.

Idan ya yi mako guda bai ci ko rabin abin da ya kamata ba, lokacin madarar asibiti ta marasa lafiya ya yi (ƙaramar kwalba mai mililita 200 kan ɗauki kalori 300), ko ma ciyarwa ta bututu. Bututun ba alamar an fid da rai ba ce. Wanda kuma ya daɗe bai ci ba, a hankali ake dawo masa da abinci ana auna jini, domin ɗura masa lokaci guda kan sa sinadaran jini fosfet da fotasiyam su faɗi, zuciya ta rikice. Abu na ƙarshe, daina yi masa faɗa a kan kwano. Ba ƙi yake yi ba, ciwon ne ya toshe masa yunwa.

Malam, an ce mini sukari ne abincin sankara. Na hana mahaifiyata duk wani abu mai zaƙi, har shinkafa da 'ya'yan itace. Na yi daidai?

Niyyarka mai kyau ce ɗan'uwa, amma ka mayar wa Mama abincinta. Gaskiya ne ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari fiye da sauran, Otto Warburg na Jamus ya nuna haka tun shekarun 1920. Sai dai ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini ma da shi suke rayuwa, saboda haka jiki ba ya bari ya ƙare a jini. In ka hana shi ta baki, hanta za ta ƙera shi, wani ɓangare daga furotin ɗin tsokar Mama. Ciwon ya samu nasa, ita ce ta rame. In tana da ciwon suga ko ana ba ta maganin sitiroyid mai ɗaga shi, wannan magana ce daban, likita ne zai tsara.

Likita, ina karɓar kemo na sankarar mama. 'Yan'uwa sun tara mini kwalabe: bitamin C, bitamin E, da wasu ƙwayoyin ganye da aka ce suna ƙara garkuwar jiki. In sha?

Hajiya, kada ki sha ko ɗaya tukuna. Zuba su duka a jaka, da kwalayensu, ki ajiye a gaban likitanki ko mai haɗa magani na asibiti.

Mutane na ɗauka bitamin in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. An gwada, ba haka ba ne. A Finlan an bai wa maza masu shan taba su fiye da 29,000 ƙwayoyi, kuma a sakamakon 1994 waɗanda suka sha beta-karotin (sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A) sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A wani binciken mai suna SELECT, na maza kusan 35,000, an samu a 2011 cewa bitamin E ya ƙara sankarar furostet, ƙullin nan na ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17. Ga mai karɓar magani akwai ƙarin fargaba: gashin ciwo da hasken na'ura da wasu nau'o'in kemo suna kashe ƙwayar ciwo ne ta hanyar ƙona ta da sinadarai, bitamin C da E masu yawa kuwa aikinsu kashe irin wannan ƙuna.

Na ganyen sun fi ba mu tsoro, domin a hanta suke karo da magani. Ganyen St John's wort yana hanzarta fitar da magani, an auna ya rage ƙarfin maganin kemo irinotikan a jini da kusan kashi 40. Garehul, wani babban lemo mai ɗaci, akasin haka yake yi, yana tare hanyar, sai wasu ƙwayoyin kemo su taru fiye da kima. Folik asid yana tsananta illar maganin kemo Xeloda, gudawa da gyambon baki, alhali mai karɓar wani kemon mai suna Alimta dole ne a ba shi folik asid ɗin da allurar B12. Kin ga abu ɗaya, ga wani kariya, ga wani guba. Ƙwayoyin tafarnuwa, ginko da man kifi kan ƙara zubar jini ga wadda faranti masu daskarar da jininta suka yi ƙasa, kuma akan tsayar da su mako biyu kafin tiyata. Abin da ake tallatawa da sunan bitamin B17, na ƙwallon afirikot, ba bitamin ba ne: gubar sayanayid yake saki a ciki, kuma gwajin da aka buga a Amurka a 1982 a kan majinyata 178 bai nuna ya yi komai ga ciwon ba.

Ƙarin da muke bayarwa da hannunmu shi ne wanda gwajin jini ko irin maganin ya nuna buƙatarsa: sinadarin ƙarfe ga wadda aka tabbatar ya yi mata ƙaranci, B12 ga wanda aka cire wa tumbi, kalsiyam da bitamin D ga matan da ke shan ƙwayoyin rage sinadarin mata irin su Femara, masu raunana ƙashi.

An ce kada mai kemo ya ci ɗanyen abu. Har yaushe?

An fi tsaurarawa daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagayen kemo, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke ƙasa. Ƙwai ya dahu har gwaiduwa ta daskare, nama babu ja a ciki, madara sai wadda aka tafasa ko aka tace a masana'anta, 'ya'yan itace a wanke a fere. Dafaffen abincin da ya yi awa biyu a waje ba na majinyaci ba ne. A ajiye ma'aunin zafi kusa da gado: in ya nuna digiri 38, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kuma kada a ba shi farasitamol kafin likita ya gani, domin zai ɓoye zazzaɓin.