Amplifaya ɗan ƙarami ko mai nauyi? Amsa ga wani ɗan kasuwar Sabon Gari

Wani bawan Allah mai shagon kayan sauti a Sabon Gari ya turo min tambaya, ya ce yana so ya saro ƙananan amplifayan nan na Class D daga Chana, amma kwastomomi na ce masa wai sautinsu siriri ne ba nauyi, gara tsofaffin nan 'yan kwatano masu katon transfoma. Ya zuba jarinsa ko ya haƙura?

To Alhaji ka zuba, amma ba duka ba, kuma ba kowanne za ka kwaso ba.

Shi D ɗin nan ba dijital yake nufi ba kamar yadda yaran shago ke faɗa, harafi ne kawai da ya biyo bayan A da B da C a jerin ajin amplifaya. Abin da ya bambanta shi, transistocin cikinsa kunnawa da kashewa suke yi sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sai wani ɗan kwayil a bakin fita ya tace ya miƙa wa sifika, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja aiki take yi, shi kuwa mai nauyin nan ɗan ajin AB kusan rabi a zafi take ƙarewa. Ka tuna falon Kano a watan Afrilu, ka tuna yawan gidajen da suka koma sola da inbata suna lissafin batir da daddare, wannan kaɗai ya isa ya sayar maka da kaya.

Maganar sauti kuwa, masu kushen ba ƙarya suka shirga ba, na da can haka suke, kuma har yau akwai tarkace. Amma yanzu Class D ɗin da kamfanonin Hypex na Holan da Purifi na Denmak ke ƙerawa a cikin manyan kayan sauti masu tsada ake sa shi. Su ba kasuwarka ba ce, kai taka irin su Fosi Audio da Aiyima ne, masu cip ɗin Texas Instruments na Amurka, TPA3116 ko babban wansa TPA3255.

Inda ake ɓata musu suna shi ne adafta, wallahi nan ne matsalar. TPA3116 zai ba da wat 50 kowane ɓangare a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), amma sai ya samu kamar bolt 21. Mutum zai saya ya je gida ya jona masa adaftar dikoda mai bolt 12, ko wat 20 ba zai samu ba, yana ƙara murya bas ya fara kakarewa, gobe ya dawo ya ce ka sayar masa da jabu, ya kuma gaya wa duk 'yan majalisarsu. Don haka kar ka yarda amplifaya ya fita daga shagonka ba tare da adaftarsa ba, ka haɗa kuɗin wuri guda, ko da maƙwabcinka zai fi ka araha a baki. Sannan masu arahar, idan aka sa musu sifika mai om 8 sautin sama yakan ɗan yi tsini, wasu kuma in ka kanga kunne jikin ƙaramar sifika ba a sa komai ba za ka ji "sssss". Wanda hucinsa ya yi yawa kar ka sake oda.

Ni na sha gani, dattijo ya ɗauki abin ya jinjina a tafin hannu ya ce ai wannan kwalin ashana ne. Kar ka yi musu da shi. Ka jona ƙaramin da babban a sifika ɗaya, ka rufe su da ƙyalle, ka daidaita ƙarar ta zo ɗaya don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa, ka sa masa karatu ya ji murya, ka sa kiɗan kalangu ya ji dukan, sannan ka yaye ƙyallen.

Kuɗi kuma, ka fara da kamar kashi ɗaya cikin uku na jarin, kala biyu kacal, ɗan ƙarami na ɗaki da babba na falo. Ba su da nauyi, kago kuma da kilo ake biya, nan ma riba ce. Farashi ka ɗora shi kan kuɗin da za ka sake saro wani da dalar yau, ba ta ranar da ka saya ba. Masu nauyin ka bar biyu ko uku a shago, akwai masu su. Wat 1000 ɗin da ake rubutawa a kwali kuma kar ka maimaita wa kowa.

Abu ɗaya da za ka yi tun a odar farko, ka sa a haɗo maka da bod ɗin sifiya guda huɗu ko biyar, don cip ɗin manne yake da bod, in ya ƙone yawancin masu gyara canja bod ɗin gaba ɗaya suke yi. Allah Ya kawo kasuwa Alhaji.